Takalmi Lamba Arba'in da Uku

Ban taɓa mantawa da ranar da na tara mutane a unguwar Xiaobei da ke Guangzhou na sa su roƙi Allah abin da bai kamata a roƙa ba. Ku da kuka shigo aikin kago kwanan nan, gara ku ji daga bakina, don a waje sai an ƙara masa gishiri.

Ina shekara ta shida ke nan a Guangzhou. Aikin kun san shi: mai kaya ya faɗi abin da yake so, ka nemo masana'anta, ka aika samfur, in ya yi masa ka sa a buga, ka loda kwantena, ka bi da takardu. Sai wani ɗan kwangila, Alhaji Mamman, ya bugo mini daga wata ƙasa cikin maƙwabtanmu, ba zan kama sunanta ba. Gwamnatinsu ta tura sojoji yaƙi tsallaken iyaka, shi kuma aka ba shi kwangilar takalman soja. Kwantena huɗu! Ni da ban taɓa cika ɗaya da kayan mutum guda ba. Wallahi har tafiyata ta canza.

Samfur ya yi, saura a fara aiki, sai ya ce in dakata, majalisa ta tsaya musu a wuya. Na ce me ya haɗa majalisa da yaƙi, ba shugaban ƙasa ne ya tura su ba?

Ya ce, "Shi ya tura, amma ba shi ke riƙe da aljihun ba. Ko harsashi ɗaya ba a saye sai 'yan majalisa sun amince da kasafin. In suka ƙi sabunta shi, ba abinci, ba mai, dole a kwaso sojojin. Talata za su kaɗa ƙuri'a."

Hankalina ya tashi. Mai masana'antar kuma kullum tana bugowa, tana ce mini maigida da yarensu, "Lawban, yaushe?" Ni ma yaushen nake nema.

Kun san al'adarmu a nan. In babban ciniki ya maƙale, sai ka sayi shinkafa da nama bayan sallar Juma'a, ka kira 'yan'uwa, a ci a shafa Fatiha. Haka na yi. Na kuma je da kaina har masauki na ɗauko Baba Sale, wani dattijo mai sarin kekunan ɗinki da ya daɗe yana aika kaya ta hannuna. Shi ake ba wa addu'a a irin wannan zama. Na san sarai ɗan ƙasar su Alhaji Mamman ne. Ban tsaya na yi tunanin komai ba, kwantena huɗu sun rufe mini ido.

Da aka zauna na miƙe na yi bayani. Da ma iya nan na tsaya! Amma bakina ya zarce, na ce, "Baba, a roƙa mana Allah ya karya 'yan majalisar nan. Yaƙin nan ko shekara ɗaya ya ƙara, mun haye." Aka yi dariya, wasu har da amin.

Baba Sale ya riga ya ɗaga hannuwa. Sai na ga ya sauke su a hankali ya ɗora kan gwiwa.

Ya ce, "Ɗana, takalman nan, akwai lamba arba'in da uku?"

Ni sakarai, na zaci ciniki ne. Na ce akwai mana, ita ce ma ta fi yawa.

Ya ce, "To ka ware wa Habu ɗaya. Autana ne, ita yake sawa. Watansa goma sha huɗu a can. Uwarsa ba ta san sunan ɗan majalisa ko ɗaya ba, amma tun makon jiya take azumi saboda Talatar nan."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba. Ya sake ɗaga hannu ya ce Allah ya zaɓa mana abin da ya fi alheri, ya shafa, ya ɗauki jakarsa ya fita. Ko loma ɗaya bai ci ba.

Ranar Talata majalisar ta ƙi sakin kuɗin. Kwangila ta mutu. Kafin wata uku aka fara kwaso sojoji, Habu na cikin rukuni na biyu.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne zuwan Baba Sale na gaba. Ina ta ɓuya, sai ga shi a ofishina da takardar kekunansa, yana tambayar yaushe jirgi zai tashi. Na fara ba shi haƙuri, ya ce, "Auna kayan, ɗana." Har yau bai ɗaga maganar ba, ni kuma har yau ban iya haɗa ido da shi ba.

Wannan aikin namu yana koya wa mutum ganin kwali da nauyi da kwanan jirgi, ya manta cewa wani ne zai sa abin da ke ciki. Don haka kafin ku kira mutane su ce amin a kan cinikinku, ku tambayi kanku wa ke can ɗaya gefen yana roƙon kada ya yiwu. Ni nawa yana zaune kusa da ni, da hannuna na zuba masa shinkafa.