Ranar da Yaya ya zaɓa mini kwamfuta

Ranaku da yawa sun wuce ban riƙe komai nasu ba, amma ranar da na tafi Katsina sayen kwamfuta tare da yayana tana nan daram a raina, kuma ba na jin akwai abin da zai goge ta.

A lokacin ina da ɗan shago a Batsari, ina tsara katin biki da fosta da kalanda. Tsohuwar laftof ɗina ta gaji. Da na buɗe hoto mai nauyi sai ta ɗau zafi, fankarta ta hau kuka, komai ya tsaya cak, ga mai aiki a tsaye a kaina. Masu biki kuma sun fara tambaya ko ina haɗa bidiyo. Dole in sake wata.

Shi kuwa Yaya, a daminar shekarar ya faɗi. Yana dawowa daga Tsaskiya a babur, taɓo ya kwashe shi ya faɗa rami. Ƙafarsa ta dama ba ta sake ɗaukarsa ba, hannun dama ma ya yi sanyi. Mutumin da a da in ya zauna a gidan gem, inda ake wasan bidiyo, samari ke taruwa su ga yadda yake murza ƙwallo, sai ya koma kwance, fuska ga bango. Inna ta kai tuwo, ta ɗauko shi yadda ta kai. Duk wanda ya shigo sai ya ce sannu, shi kuma ya ce yawwa. Ni ma sannun nake yi, don ban san me zan ce ba.

Wata safiya ina tsakar gida ina nuna wa Inna hoton wata siririyar laftof mai ruwan azurfa a waya, sai muka ji murya daga ɗaki: "Kawo in gani." Ni da Inna muka dubi juna. Na kai masa. Ya daɗe yana karanta bayanan da ke ƙasan hoton, sannan ya ce, "Wannan ta 'yan ofis ce. Ba ta da katin girafik."

"Mene ne shi kuma, Yaya?"

"Shi ke ɗaukar nauyin hoto da bidiyo da gem. In babu shi, gidan jiya za ki koma."

Ban san lokacin da na ce, "To ka raka ni mana, kada a cuce ni." Ina faɗa na fara nadama. Can ya ce a tambayi Kawu ko zai ba da motarsa.

A wani shagon kwamfuta a Katsina, aka ba shi kujera. Na ga Yayan da na sani ya dawo. Yana tambaya ko katin nata daban yake ko a jikin furosesa, ko ana iya ƙara mata ram don ta ƙara sauri, ko an taɓa buɗe ta. Mai shagon, mutumin kirki, ya kunna mana wata ƙatuwa ta tebur mai fitilu kala-kala. Idon Yaya ya kafe a kanta, na san ita ransa ke so. Amma ya girgiza kai ya ce, "Wannan solar gidanmu ba za ta kai ta la'asar ba." Ya nuna wata laftof baƙa, mai kauri, ta hannu, wadda ni ko kallonta ban yi ba. Aka ɗora mata bidiyo mai nauyi, ta wuce da shi sumul.

Sai mai shagon, da kyakkyawar niyya, ya sa gem ɗin ƙwallo ya miƙa wa Yaya hannun gem mai maɓallai. "Malam, gwada ta da kanka."

Yaya ya karɓa da murmushi. Aka take wasa. Babban yatsansa na dama ya ƙi danna komai. Ɗan wasansa ya yi ta gudu da ƙwallo har ya fice daga fili. Ya sake gwadawa, haka. Ya ajiye abin a cinyarsa, ya ce a hankali, "Ɗauki siririyar kawai, ta fi sauƙin ɗauka."

Hawaye suka taho mini, kalmar sannu na bakina. Har yau ina gode wa Allah da na haɗiye ta. Na ce, "Yaya, ni bidiyo na zo nema. Kai ka ce wannan ce za ta ɗauka. Ko ka canza magana?"

Ya dube ni, idonsa jajir. "Ban canza ba."

"To me ya rage?"

Ya ja numfashi, ya juya ga mai shago. "A ƙara mata ram. A ba mu fankar da ake ɗora ta a kai, garinmu da zafi."

Da muka dawo na ajiye ta a ɗakinsa, tunda can batirin sola yake, na riƙa yin aikin yamma a gefensa. Da farko kallo kawai yake yi. Wata rana ya ce jan da na sa a katin wata amarya ya yi yawa. Na tura masa maus na ce ya gyara. Da hannun hagu ya fara, yana kuskure yana tsaki. Kafin kaka ta gaba shi ke yanka bidiyon bukukuwa, har daga garin Zakka ake turo masa aiki. Gem ma ya koma, ya sauya maɓallan yadda hagu zai iya. Yawanci cinye shi ake yi, amma ihunsa har waje.

Abin da na koya shi ne, wanda ciwo ya kwantar yana gajiya da tausayi fiye da yadda muke zato. Mu duka mun yi ta tambayarsa ya jiki, babu wanda ya tuna ya tambaye shi shawara. Tun daga nan, in na je dubiya, bayan gaisuwa nakan nemi wani abu da mara lafiyar ya fi ni sani, in tambaye shi.