Kwalin da Ba Wanda Ya Buɗe

Idan ka je unguwar Pantai Dalam a Kuala Lumpur ka tambayi 'yan Najeriya gidan Malam Tajuddeen, sai su tsaya kallon juna. Amma ka ce Mai Malafa, nan take za a nuna maka hawa na tara, ƙofar da ke kusa da matakala.

Malamin jami'a ne daga Kano, gwamnati ta turo shi Kuala Lumpur karatun digiri na uku a kan tace ruwan sha. Mutum ne mai sanyin magana, ba ya shiga sabgar kowa. Abu ɗaya ya raba shi da abokansa, wato fina-finan nan na da, masu baƙi da fari, na masu binciken sirri: mutum cikin doguwar kwat da malafa, ɗan ƙuntataccen ofis, fanka na juyawa a kasalance, inuwar taga ta zazzana masa layi-layi a fuska. Gado ya yi. Mahaifinsa ya shekara ashirin yana haska fim a wani gidan silima a Fagge, kuma malafar da Tajuddeen ke kare rana da ita ta tsohon ce.

Abokai ba sa raga masa. "Jama'a na kallon ƙwallo, kai kana kallon matattu suna shan taba," in ji su a teburin mamak, wurin shan shayinsu.

Shi kuwa sai ya yi murmushi ya ce, "Ba ku gane ba ne. A fim ɗin nan, duk wanda ya shigo ofis da labari, rabi ya kawo. Shi kuma gwanin ba ƙarfi gare shi ba, sau da yawa ma dukansa ake yi. Tambaya ɗaya ce jarinsa: wa ya gaya maka? In an faɗa, sai ya tashi ya tafi wurin wancan."

To, ranar wata Talata tambayar nan ta fito daga talabijin ta shigo masa falo.

Matarsa Saudatu za ta tafi gida bikin ƙanwarta, motar filin jirgi za ta zo ƙarfe huɗu. Da hantsi tana haɗa kaya, sai Tajuddeen ya hango wani kwali a gefen akwati, an naɗe shi da salatif rumɓus, har kusurwoyi. A samansa an rubuta "Umma", ba wani abu kuma.

"Maman Mubina, wannan fa?"

"Saƙon Anti Hureira ne. Wani zai tare ni a filin jirgin Kano ya karɓa."

"Me ke ciki?"

"Ta ce darduma ce da kayan shayi."

"Kin gani?"

Saudatu ta ajiye mayafin da take ninkewa. "Haba Malam. Saƙon mutane zan buɗe? Matar da ta kwana uku a kaina a asibiti lokacin haihuwar Mubina?"

Gaskiyarta fa. A wurinmu mai tafiya gida raƙumin kowa ne. In an ba ka saƙo, ka karɓa hannu biyu. Ka tambayi abin da ke ciki, a ce ba ka da kara. Ka buɗe, a ce ka ci amana. Sai dai Tajuddeen ya san ƙasar da yake zaune. A nan, in aka samu ƙwaya a jakarka, taka ce, kuma hukuncin kan kai har ga rai. Ba a tambayar wa ya yi jinyar wa.

Ya ɗaga kwalin ya jijjiga. Ko motsi babu.

"Darduma da shayi, amma an ɗaure su kamar za su gudu," ya ce.

"Fina-finan nan sun ɓata maka kai. Wallahi in ka ba ni kunya a wurin Anti..."

"Gara kunya." Ya sa kwalin a jakar baya, ya ɗauki malafarsa.

Sai da ya shiga tashar LRT, jirgin ƙasan cikin gari, ya gane abin da ya yi. Duk abin da ke cikin kwalin nan, yanzu a bayansa yake. Ga 'yan sanda biyu tsaye a bakin shiga suna hira. Ya wuce ta gabansu gumi na bin ƙeyarsa, yana karanta duk addu'ar da ta zo bakinsa. A fim, in ji shi daga baya, gwanin kan wuce yana gyara wuyan kwat. Shi kuwa ƙanƙame jakar ya yi a jirgi har Danau Kota, unguwar su Anti Hureira.

Anti Hureira, matar wani babban malami ce, uwa ga duk matan ɗalibai. Ta tare shi da fara'a, har ta miƙe za ta zubo abinci, sai ta ga kwalin.

"Lafiya? Ko kilo ya yi mata yawa?"

"Anti, ki yi haƙuri. Ke kika haɗa shi?"

"A'a, Malam Bello ne ya ba ni, na kantin yadi. Shi da ke ja mana tarawihi, kai ma ka sani."

"Kin ga abin da ke ciki?"

Fara'ar ta ɗauke kamar an hure fitila. "Tajuddeen, ni kake wa tambayar 'yan sanda a cikin ɗakina? Na haifi kamarka, ko na kusa. In ba za ku kai ba, ajiye min kayana."

"Ba zan bar miki shi a gida ba, Anti."

Ta buɗe masa ƙofa ba tare da ta sake kallonsa ba. Agogo ya ce ɗaya da rabi.

Kafin ya isa Jalan Tuanku Abdul Rahman, titin da kantin yadin yake, hadari ya haɗu, gari ya yi duhu tsakar rana, ruwa ya tsuge irin na Kuala Lumpur, wanda ba ya sallama. Ya shiga kantin yadin malafa na zuba. Malam Bello, ɗalibi ne shi ma, yana taya wani dattijo ɗan ƙasar tsaron kanti, ya ɗago daga auna leshi ya yi dariya.

"Mai Malafa! Yau kam ka fito sak mutanenka. Saura taba."

Tajuddeen ya ɗora kwalin a kan tebur. "Wa ya ba ka?"

"Oho, wannan? Na Abdallah ne. Bawan Allah, mahaifiyarsa ba lafiya."

"Abdallah wa?"

"Abdallah dai. Muna haɗuwa a Juma'a."

"Sau nawa?"

"Uku... ko huɗu."

"Ɗan ina ne? Wace makaranta yake? Ka san ɗakinsa?"

Bello ya ture leshin gefe. Ya laluba waya ya kira Abdallah. A kashe. Ya sake kira. A kashe.

"Wanda zai karɓa a Kano fa, ina lambarsa?"

"Bai bayar ba," in ji Bello, muryarsa ta yi ƙasa. "Cewa ya yi in ba shi sunan mai tafiya, da lambarta, da lambar jirgi. Su za su neme ta."

Wayar Tajuddeen ta yi ƙara. Saudatu ce. "Malam, ƙarfe uku ta wuce. Anti ta kira ni tana kuka. Don Allah ka dawo da kwalin nan in tafi da shi a wuce wurin."

"Ki zauna kusa da waya," ya ce, ya kashe.

Dattijon mai kanti ya jima yana kallonsu. Bello ya yi masa bayani a gurguje. Tsohon ya janye kwalin zuwa ƙarƙashin kyamarar kanti, ya miƙa wa Bello almakashin yadi.

"Boleh?" Bello ya tambaya da yaren ƙasar, wato in buɗe?

Tsohon ya gyaɗa kai.

Darduma ce a sama, sabuwa, shuɗiya. Bello ya sauke ajiyar zuciya har da dariya. "Ka gani? Kai da fina..."

"Ɗaga ta."

A ƙasa, fakitin kofi ne guda shida, an jera su tsaf. Tajuddeen bai taɓa ba, ya dai sunkuya. Shekara huɗu yana buɗe kayan gwaji a jami'a, ya san liƙin inji. Waɗannan an yanke bakinsu an sake liƙewa da dutsen guga, har da shatar ƙuna. Tsohon ya ɗan tsaga ɗaya da tsinin almakashi. Abin da ya zubo fari ne, kamar dakakken gilashi.

Bello ya zauna daɓas a kan bandir ɗin yadi. "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ni na kai wa Anti da hannuna."

Mai kantin ne ya kira 'yan sanda da kansa.

Saudatu ba ta hau jirgin ba, bikin ƙanwarta ma a waya ta kalle shi. Su huɗun, ita da mijinta da Anti da Bello, sun sha zirga-zirgar ba da bayani har kusan wata guda, kuma hoton kyamarar nan da shaidar dattijon ne suka tsaya musu. Abdallah kuwa, ba a sake ganinsa a Juma'a ba. Akwai waɗanda har yau suke cewa Mai Malafa ya tona asirin 'yan uwa, ya jawo wa jama'a ido. Ba ya musu da su. Ya ce a fim ɗin ma ba a yi wa gwanin tafi, gida yake komawa shi kaɗai da kumburarren baki.

Anti Hureira ta yi wata biyu ba ta amsa gaisuwarsa. Rannan, da Saudatu ta sake shirin tafiya, sai ga ta a hawa na tara da leda a hannu. Ba ta zauna ba. Ta juye ledar a tsakiyar falo: hijabi uku, man zafi, takalmin jariri.

"Ga shi nan, ɗan sandan ciki," ta ce. "Duba da kyau. Har cikin takalmin."

Tajuddeen ya durƙusa ya gaishe ta. Sannan ya ɗauki takalmin, ya leƙa ciki.