Sunan da Inna Ba Ta Faɗa

Yayana ɗan fari ne, shi ya sa Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba. In za ta ambace shi sai ta ce "na hayi". Ranar da aka yaye shi kawunmu ya zo daga wancan gefen kogin Komadugu, ƙetaren iyakar ƙasa, ya saɓa shi a wuya, ya tsallaka da shi. Rani ne, ruwan ko gwiwa bai kai ba. Ba wanda ya ce masa ina takarda. Haka ake yi, ɗan fari na dangi ne, uwa kuwa kunya ta hana ta ko ɗaga ido.

Can ya yi lakkol, wato boko, kawu ya rubuta shi da sunansa a matsayin uba. Karatu ya kai shi Turai, ya zauna, ya samu fasfo na can. Mu kuma tashin hankali ya kore mu daga ƙauyenmu, muka bar gonar tattasai muka tare a Diffa.

Da ciwo ya kwantar da Inna, na kira shi. Ya ce yana tafe. Ashe zuwa gida ma sai da izini. Aka ce ya nemi biza, ya kawo katin rigakafin shawara, da tikitin komawa, ni kuma in aika takardar masauki mai kashen meri, wato hatimin magajin gari, wai in shaida zan ba ɗan uwata wurin kwana. Na yi duka, raina na suya. Ya sauka Yamai da bizar wata guda. Nan aka ce masa baƙo ba ya shigowa yankinmu sai da izini na daban da rakiyar jami'an tsaro. In kuwa ɗan ƙasa ne, to ya nuna. Nunawar ita ce maganar uwa a gaban hukuma, da shaidu biyu.

Shaidu kuma, a ina? Baba ya rasu, kawu ya rasu, tsofaffin da suka ci naman sunansa sun watse, wasu Bosso, wasu ƙasa ta rufe. Na ce bari dai mu fara da mai ƙarfin, in uwa ta yi magana wa zai musa?

Na ɗauko Inna a keke-napep, na tallafe ta har cikin ofishin hukuma. Tun a hanya nake roƙonta. "Inna, yau kaɗai. Ki faɗa sau ɗaya, ba wanda zai zarge ki." Ta gyara zama, na ɗauka yarda ce.

Ma'aikacin ba tsoho ba ne, ya gaishe ta da ladabi, ya buɗe dosiye, fayil ɗin takardun yayana.

"Hajiya, mene ne sunan ɗanki?"

Ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi.

"Na hayi," in ji ta.

"Sunansa nake tambaya."

Na buɗe baki, ya ɗaga mini hannu. "Ba ke ba, ita." Ya juya gare ta. "To mu bar suna. Wannan mutumin na hoto, ɗanki ne?"

Gaban baƙon namiji, ga mutane cike da benci suna kallo. Na san amsar kafin ta fito, don tun ina yarinya nake jin ta.

"Ni ina na ga ɗa? Na ɗan'uwana ne."

Ya rubuta. Wallahi ina kallon biron yana tafiya. Na kira shi yadda muke kiran ma'aikata da Faransanci, na ce, "Mushe, kai ba uwa ce ta haife ka ba? Ba ka san kunyar ɗan fari ba?" Ya ce ya sani sarai, shi ma tasa ba ta kiran yayansa. Amma abin da aka faɗa shi yake rubutawa, ga shi kuma sunan uba a fasfo ya yi daidai da maganarta. Ya buga kashe ya rufe.

A hanyar gida ban ce mata uffan ba. Haushinta nake ji, ba zan ɓoye ba. Haushin kawu da ke kabari, haushin kogin da aka tsallaka da yaro ba tambaya, yau kuma an ce sai takarda. Har yau in na tuna ban yi mata magana ba ranar nan, sai in ji kamar in mari kaina.

Yayana ya zauna otel a Yamai yana jiran izinin baƙi. Kullum a ce masa gobe. Kwanakin biza suna ƙarewa, Inna ma haka.

Wata Laraba bayan la'asar ya kira, na kara mata wayar a kunne. Ta daɗe tana sauraron muryarsa. Sai ta kira sunansa, cikakke, a fili, kamar kullum take faɗarsa. Na ji shi can ya fashe da kuka, mutum mai furfura. Kafin Juma'a mun kai ta makwanci. Bayan kwana huɗu bizarsa ta cika, ya hau jirgi.

Har yanzu in mun yi waya, ko me muka tattauna, ƙarshe sai ya tambaye ni, "Kin ji ta faɗa, ko?"

Na ji. Ni kaɗai ce shaida, su kuwa biyu suke so.