Ranar da Malam Bartholomew Ya Biya Gayya

Malam Bartholomew malamin firamare ne a Godogodo, gajeren mutum mai dogon keke, wanda in zai sauka sai ya nemi dutse ko tudu. Lissafi yake koyarwa, amma aikin da ya fi riƙewa da gaske shi ne gardama da wani littafi. Littafin tattalin arziki ne, Meshak ɗan ƙanensa ya manta da shi a gidan da ya zo hutu daga jami'a. Malam ya karanta shi kamar mai karanta sammaci, yana yi yana tsaki.

Abin da ya ɓata masa rai, wai littafin ya ce kowane mutum amfanin kansa kaɗai yake bi, kuma in aka sakar wa kasuwa mara, ita za ta yanka wa komai farashi, har gumin ɗan Adam. Malam ya ce wanda ya rubuta wannan bai taɓa yankan acca ba. Acca in ta nuna ba ta jiran kowa, ka yi jinkiri kaɗan iska ta kakkaɓe ta ƙasa, kuma hannu biyu ba su iya mata. Shi ya sa ake gayya: maƙwabta su taru da laujensu a gonarka, matarka ta dafa musu, gobe a wuce gonar wani. Ba a biyan kowa. Miƙa wa maƙwabci kuɗi a gayya daidai yake da ce masa daga yau ba ku da zumunci.

Ranar Asabar yakan hau kekensa zuwa Kafanchan ya kai wannan wa'azi teburin mai shayi na bakin tasha. A can yake haɗuwa da Silvanus, ɗan ƙungiyar ma'aikatan reluwe, wanda shi kuma ra'ayinsa gwamnati ta karɓe gonaki duka ta raba amfanin daidai. Malam yakan tambaye shi ko gwamnatin ta san hanyar Godogodo. Shi nasa ra'ayin ya raɗa masa suna tattalin gayya. Matarsa Regina ta ce mabiyan wannan ɗarika biyu ne, shi da kekensa, kuma keken ma tura shi ake yi.

Gaskiya dai gayyar ta daɗe tana ɗingishi. Tun da ikkilisiya ta hana burkutu rabin masu zuwa suka fara ciwon baya, don kunu, komai daɗinsa, ba ya tsayar da mutum a rana. Amma Malam bai fasa ba. Duk gonar da aka kira, in an tashi makaranta, yana can da laujensa, yana yanka a karkace kamar yadda yake rubutu a allo.

Sai aka shiga 1975, kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin ma'aikatan gwamnati, suka sauka. Farashin gishiri ya tashi, samari suka tashi tare da shi, wasu Kaduna wajen gine-gine, wasu gonakin citta inda ake biya da yamma. A shekarar kuwa accar Malam ta yi kyau a gonar da ya gada a gindin dutse, irin kyan da ba ta taɓa yi ba. Ita ce abincin gidan har wata damina. Meshak ya zo ya duba, ya ce, "Baba, ga albashinka ya ƙaru. Ɗauki 'yan ƙwadago tun da wuri, bana ba wanda zai zo maka don kunu." Malam ya ce zai nuna masa shafin da babu a littafinsa. Bayan sujada ranar Lahadi ya tsaya a ƙofar majami'a ya kira gayya, kowa ya ce in Allah ya yarda.

Regina ta dama kunu a manyan tukwane, ta yanka akuya. Da hantsi ya ɗaga, waɗanda suka iso tsofaffi ne uku: Baba Andrawus, dattijon ikkilisiya wanda ya yi gayya da Zamani, mahaifin Malam, da abokansa biyu. Suka sunkuya ba surutu. Suna yanka, iska tana yankan nata a gaba, kuma ta fi su sauri. Baba Andrawus ya ɗaga waƙar gayya, ba masu amshi, ya bar ta.

Malam ya dubi faɗin gonar, ya dubi bayan tsofaffin. Tausayi ne ya kama shi, ko tsoro, shi ma bai taɓa iya faɗa ba. Ya sa hannu a aljihu, ya matsa kusa da Baba Andrawus, ya cusa masa kuɗi a tafin hannu, ya ce ko za su daure su dawo gobe.

Tsohon ya buɗe hannunsa ya daɗe yana kallo. Ya ajiye kuɗin a kan damin acca, ya ɗora ƙaramin dutse don kada iska ta ɗauke.

"Ticha," in ji shi, "mu wurin ɗan Zamani muka zo. Ashe ba ya nan."

Suka rataya laujensu suka tafi, ko naman ba su taɓa ba. Washegari ba wanda ya zo. 'Yan ƙwadago kuma duk citta ta riga ta kwashe su. Malam da Regina suka yanki abin da suka iya, sauran tsuntsaye da tururuwa suka yi masa gayya, su dai ba su canza ra'ayi ba.

Daga wannan shekara ba a sake kiran gayya a unguwarsu ba. Meshak, don ladabi, bai taɓa cewa ai na faɗa maka ba, kuma wannan shirun ya fi zagi ciwo. Malam ya ci gaba da zuwa Kafanchan ranar Asabar, amma yanzu kasuwa yake wucewa, ya auno shinkafar waje a mudu, ya ɗaura a bayan keke. Silvanus yakan hango shi daga teburin mai shayi ya kira shi su taɓa gardama. Malam sai ya ɗaga hannu kawai, ya ce rana ta yi, Regina tana jira.