Mai Cire Kaska a Kasuwar Shanu

Yana tsugune a gindin wani bajimin sa a Kasuwar Shanu, farar rigar likita a kan kaftaninsa, takalminsa ya sha kashin shanu. Da hannu ɗaya yake cire kaska yana jefawa a kwalba, ɗayan yana riƙe da waya. A fuskar wayar wata Baturiya ce mai tabarau.

Daga maganarsu na gane malamin jami'a ne. Tallafin bincike suke nema tare kan cutar da kaska ke sa wa shanu, kuma sharaɗin masu bayarwa shi ne kowa ya je ƙasar ɗan'uwansa ya yi aiki. Ita kuwa jami'arta ta hana ta taka nan Barno saboda tsoron rashin tsaro. Furfurar gemunsa ta sa nake zaton ba yau ya fara jin wannan amsar ba.

Sai ya miƙe a fusace, yana juya wayar gabas da yamma. “Dubi kasuwa cike! Dubi mutane suna ciniki lafiya!” yake cewa da Turanci. Bai lura ba layin ya riga ya yanke.

Dillalin da ke riƙe da igiyar san ya ce, “Dakta, ta gani?”

“Ina fa, Alhaji!” Ya yi tsaki, ya ɗaga kwalbar. “Wannan kaskar daga Chadi ta zo, babu wanda ya hana ta. Mu masu neman maganinta ne ba mu da izinin haɗuwa.”

Ya koma ya tsuguna.