Maɓallin Motar Kawu da Bijimin Surukina

Ko da zan manta da ranar da aka ɗaura min aure, ba na jin zan taɓa mantawa da ranar da aka je nema min shi. Har gobe in na ga ƙofar gareji tana ɗagawa da kanta sai in fara duba hanyar gudu.

Wajen ƙarshen shekarun 1990 ne. Lokacin ina koyarwa a wata firamare a Tsafe, duk ƙarshen mako sai in taho Gusau gidan kawuna. Kawu ɗan kasuwar hatsi ne, daga Mada yake saro dawa da gero. Mutum ne mai sakin hannu, amma yana da ciwo guda: in ya sayi sabon abu, ba ya samun barci sai duk unguwa ta shaida.

A bakin layinsu akwai wani Alhaji, abokinsa tun na ƙuruciya, kuma abokin gasarsa. Da Kawu ya sa wa garejinsa ƙofar ƙarfe mai aiki da lantarki, wadda ake danna rimot ta naɗe sama, nan da nan Alhaji ya kira mutumin da ya yi aikin daga Kano ya sa masa irinta sak. Sai dai shi ba mota yake ajiyewa a ciki ba. Wani farin bijimi yake kiwo don babbar Sallah, kuma ba ya ɗaure shi, wai igiya tana hana ƙiba.

Ni kuwa ba zumunci zalla ke kawo ni Gusau ba. 'Yar Alhajin nan nake so. Matsalata da ita ɗaya ce, ita ke ba bijimin abinci, don haka rabin zancenmu labarinsa ne. Wai ba ya cin dusa sai an barbaɗa masa kanwa, wai in ya ji an ƙwanƙwasa kwanonsa ko yana ina sai ya taho. Ni da na ci ado na zo da kalamai cike da baki, sai in ɓuge da gyaɗa kai ina hamma a zuci.

Ana haka Kawu ya sayo wata mota daga Kwatano. A saman gilashin gaba, kusa da madubi, akwai wasu ƙananan maɓallai uku da ba wanda ya san amfaninsu. Kawu ya danna, ya danna, bai ga komai ba, abin ya tsaya masa a rai. Da na zo ya miƙo min littafin motar ya ce, "Kai da ka yi boko, duba muna mi an nan." Na karanta, na ce masa ai ana koya wa maɓallan nan buɗe ƙofar gareji ne, ba sai da rimot ba. Kawu ya yi kabbara. Dama rimot ɗinsa a ƙusa yake rataye a ɗakin matarsa don tsoron ɓata, in ya dawo sai ya yi ta hon kafin ta danna. In tana salla kuwa, haka zai tsaya a ƙofar gidansa kamar baƙo.

Aikin ba wuya. Na danne maɓallai biyu na gefe har 'yar fitilar da ke wurin ta fara ƙiftawa, sannan na kara rimot kusa, na danne shi tare da maɓallin farko. Kawu yana kujerar baya ya riƙe numfashi kamar ana yi wa ɗansa kaciya. Fitila ta shiga ƙiftawa da sauri, na ce an gama. Muka danna, shiru. Ashe an ɗauke wuta. Haka muka zauna cikin mota muna gumi har aka kawo ta, aka danna, ƙofa ta yi gurnani ta tashi. Ranar har maƙwabta sai da aka kira.

To, ga inda gizo ke saƙar. Kawu ba ya iya haƙuri ya iso gida. Tun daga bakin layi yake fara dannawa, yana tafe yana dannawa, har ya zo inda ƙofarsa za ta ji.

Da na dawo mako na gaba na tarar unguwa ta ɗauka, aljanu sun shiga garejin Alhaji. Ƙofa takan tashi ba wanda ya taɓa ta, ta tsaya a tsakiya kamar mai tunani, ta koma ƙasa, ta sake tashi. An kira malamai, an tofa addu'a a ruwa an yayyafa, an turara wurin har bijimin ya fara tari. Alhaji ya rame, ya rantse ko mutum ne ko aljan, in ya gano shi ba zai yafe ba. Ni da kaina na je na yi masa jaje, har da cewa Allah ya tona asirin mugu, ya amsa da amin mai ƙarfi. Yarinyar ma ta gaya min wai da la'asar suke zuwa, kuma in babu wuta ba sa zuwa. Ina malamin makaranta, na ce mata ai aljanun birni haka suke.

Ranar neman aure Kawu ya je Bungudu ya ɗauko baffannina a motar. Kowa ya sani ango ba ya zuwa irin wannan zama, don haka na laɓe a shagon wani tela da ke tsallaken titi, ina leƙe ta bayan labule. An shimfiɗa tabarmi a inuwa, daidai jikin ƙofar garejin, dattawa suka zauna suka ba ta baya. Aka gaisa, aka yi addu'a, aka ajiye goro. Komai yana tafiya daidai, sai Kawu ya ga ya kamata ya ƙara min daraja. Muryarsa kuwa ko a tasha ba a danne ta.

"Alhaji, wanga yaro da kaka gani ba malami ba ne kawai, injiniya ne. Shi ya koya ma motata buɗe ƙohwa. Ku dubi gidana can, daga nan zan buɗe shi."

Dattawa suka miƙa wuya suna hangen ƙarshen layi. Kawu ya zura hannu cikin mota ya danna. Can gidansa ko motsi. Amma a bayansu ƙarfe ya yi gurnani ya fara tashi. Alhaji ya zabura yana salati, "Sun dawo! Wallahi sun dawo!" Kawu bai lura ba, hankalinsa na kan gidansa. Ya sake dannawa, ƙofa ta tsaya. Ya ƙara, ta yi ƙasa. Alhaji ya dubi ƙofa, ya dubi yatsan Kawu, ya sake duban ƙofa. Ni ma daga shagon tela na gane, ashe motar Kawu ce aljanin. Kafin wani ya ce uffan Kawu ya kuma dannawa har sau biyu, ƙofa ta tafi sama gaba ɗaya.

Bijimin ya fito kamar an aiko shi. Babban baffana, wanda sai an kama shi yake tashi daga tabarma, ban san lokacin da ya hau bayan motar Kawu ba. Goro ya watse, takalma suka rasa masu su, bijimi ya ɗauki hular wani a ƙaho ya miƙe titi.

Da ƙura ta lafa Alhaji ya tako gaban Kawu a hankali. "Wa ka ce ya haɗa ma wanga abu?" Tun da nake ban taɓa jin Kawu ya yi magana ƙasa-ƙasa ba sai ranar. Bai ma ƙarasa ba, ya nuna shagon tela. Alhaji ya ɗaga murya yadda zan ji, "Ku gaya mai, ba ni da magana sai bijimina ya dawo. In bai dawo ba, shi ma kar ya dawo."

Na fito, ban san ta inda zan fara ba. Sai na ji ƙarar kwano a ƙasa. Wani hannu mai lalle ya turo shi daga zaure ya koma, dusa ce cike, an barbaɗa kanwa a kai. Nan take duk hirar nan da nake hamma a kanta ta dawo min.

Na ɗauki kwanon na bi sahu, can bayan gari na samu bijimin ya kafa kai cikin harawar wani bawan Allah, mutane sun kewaye daga nesa da sanduna. Na ƙwanƙwasa kwano. Ya ɗago, ya dube ni, ya taho kamar ɗan rago. Haka na dawo da shi, ina tafiya da baya cikin babbar rigata, ina ƙwanƙwasa kwano, 'yan kasuwa suna ta shewa, wani har da cewa Allah ya ba da zaman lafiya.

Alhaji ya zagaya bijiminsa, ya shafa tozo, ya duba ƙafafu. Sannan ya dube ni, dusa har gira, sai ya fashe da dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Tun da abin ga ya fara ban yi barcin kirki ba, ashe aljanina malamin firamare ne. Na ba shi auren. Amma ya yi kaffarar rantsuwata, shi ya ja." Daga baya mutumin Kano ya zo ya ce ƙofofin biyu saitinsu ɗaya tun daga kamfani, ya buɗe rimot ya juya wasu 'yan ƙananan makunnai, aljanu suka bar unguwa.

Abin da na koya ranar bai wuce wannan ba: bokon da nake taƙama da shi ne ya kusa raba ni da mata, maganar da na raina ce ta ba ni ita. In wanda kake so yana magana, ka saurara, ko da labarin dusa ne. Ni dai har yau in ta ga hankalina ya tafi tana magana, ba ta faɗa, kwano kawai take ƙwanƙwasawa, ni kuma sai in taho.