Mai Gadin Tabarma a Dutsen Hada

Idan zafi ya sauka a Makka, har kwaltar unguwarmu Misfala ta fara kama takalmi, sai 'yata ta ce, "Inna, shirya, za mu kai ki Ɗa'ifa ki huta." Haka take faɗa duk shekara, ni kuwa in shirya. Shirin shi ne in tashi in dafa shinkafa da kaza, in cika fulas da shayi, in naɗe tabarmi.

Hanyar dutsen Hada murɗe take kamar hanjin rago. Mota ta karkata nan, ta karkata can, cikina ya bi ta, ina riƙe da leda ina salati. Da mun kai sama sai a nemi gindin bishiya a shimfiɗa. Surukina ya ce, "Hajiya, ke dai zauna ki sha iska." Sai su ɗunguma zuwa telefirik, akwatin nan da ke rataye a waya yana shawagi da mutane bisa kwazazzabo, daga nan su wuce wurin wasan ruwa. Ni a bar ni da tukunya, da takalma, da wanda ke goye. Ga birai sun kewaye ni, sun fi ɓarayin kasuwa ido. Sanda a hannu nake yini.

Marigayi maigidana direba ne, ya sha bin hanyar nan. Ya taɓa ce mini akwai wani bakin dutse a can sama, inda mutum zai tsaya ya ga gajimare a ƙarƙashin ƙafarsa. Ya ce zai kai ni. Allah bai nufa ba. Na hau dutsen nan har na daina ƙirga, ban taɓa ganin abin da ya wuce gefen tabarma ba.

Bara gwiwata ta gaya mini gaskiya: wannan hawan shi ne na ƙarshe. Kuma a shekarar babu goyo, autan jikoki ya yi ƙafa. Muna shan shayi a gindin bishiya, babbar jikata, mai ce mini Sitti yadda Larabawa ke kiran kaka, ta kawo waya gabana. Wasu mutane ne a wata ƙasa sun ɗaura faifan katako a ƙafa, suna sulalowa daga dutse fari fat.

"Sitti, dubi! Da sanyi can za mu. Talji ne, ƙanƙara ke nan a Hausarki. Har da ke."

"In yi me a can?"

Uwarta ta ce, "Ki huta mana, Inna. Akwai ɗaki mai ɗumi, ki zauna da kaya."

Na ce, "Su ma suna da birai?"

Suka yi dariya, suka ce yalla, suka tafi.

Na zauna ina duban tukunya, wani tsohon biri mai furfura yana dubana. Shi ma da gani ya gaji. Na ce masa, "Malam, yau dai ka ci nasara." Na dogara sandar da nake korarsu da ita, na miƙe.

Tafiyar ba nisa ga mai ƙafa. Ni sai da na zauna a kan dutse, na sake zama. Wani mai sayar da ruwan wardi ya nuna mini hanya. Da na isa bakin, na kama ƙarfen da aka gitta, na leƙa.

Ban ga gajimare a ƙasa ba. Shi ne ya taso ya same ni. Fari ya rufe gaba, ya rufe baya, har hannuna ban gani sosai ba. Sanyi ya ratsa mayafina, fuskata ta jiƙe. Na tsaya a ciki, ba mai kirana, ba abin da nake tsaro. Na yi wa maigidana addu'a, na ce masa ba haka ka faɗa ba, amma na zo.

Da na dawo, tukunya a kife, shinkafa a warwatse, takalmin surukina ɗaya ya yi ɓatan dabo. 'Yata ta dafa ƙirji.

"Inna! Wa ya bar kaya?"

"Ni."

"Ina kika je?"

"Hutu."

Burodin tamis muka ci a mota. Da sanyi ya zo suka tafi ƙasar ƙanƙararsu, ba a sake cewa har da ni ba. Na ja bargo a ɗakina, na miƙe gwiwa.